Baba Totur da Batirin Auta

Ku gyara zama, yau a kan Baba Totur za a sauka.

Dattijo ne da ke zaune a wani layi mai shaguna a ƙasa, ɗakunan haya a sama. Direban babbar mota ne shekara da shekaru, har ranar da kamfani ya ce masa ya gode, ya je ya huta. Tun daga nan layin bai sake hutawa ba. Babu abin da bai sani ba a duniyar nan. In haƙori ke damunka, ya taɓa cire wa wani da filaya a bakin hanya. In fankarka ta tsaya, ya san dalili tun kafin ka gama faɗa, kuma in ya taɓa ta a buhu za ka kwashe ta. Matarsa, wadda babba da yaro ke kira Inna, ta daɗe da daina musu da shi. Tana son mijinta, ba ta taɓa barinsa da yunwa ko da riga mai datti ba, amma ta san abin da ta aura.

Autarsu ta gama karatun jinya, ta yi ta zaman jiran aiki har zaman ya fara cin ranta. Da rana takan je wani kemis ta taya su miƙa magani don kada ta manta abin da ta koya. Ana nan sai wani babban asibiti a wani gari ya kira ta intabiyu. Ta kwamfuta za a yi, ranar Alhamis da hantsi, za su ga fuskarta su yi mata tambayoyi, sannan ta buga amsar jarrabawa suna kallo. Waya ba za ta yi ba. Auta tana da kwamfutar cinya da ta gada wurin yayanta, sai dai batirinta ya zama abin tausayi. Da an zare caji, kafin ruwan shayi ya tafasa ta yi ɗif. Ga shi a layin nan wuta ba ta ganin hantsi, da safe ake ɗauke ta sai yamma ta dawo.

Inna ta ja Auta suka sauka shagon mai gyaran waya da kwamfuta, wata mata mai kaifin baki da ake kira Tabarau. Ba wanda ya gayyaci Baba Totur. Sun dai juya sun gan shi a bayansu, hannu a baya, yana duba kayan shagon kamar wanda aka turo bincike.

Tabarau ta kunna, ta danna nan ta danna can, ta ce, "Inna, ba wani ciwo ba ne. Batirin ya tsufa."

"Amma Anti, yana nuna ya cika fal," in ji Auta.

"Ya cika mana, daidai cikinsa na yanzu. Kin san randar da ake zuba wa ruwan rijiya? Kullum aka zuba, ɗan laka yana kwanciya a gindi. Wata rana ki leƙa ki ga ruwa har baki, ki ɗebi kofi biyu ki taɓo laka. To haka batir yake. Duk cajin da aka yi aka sauke, wani ɗan abu daga cikin sinadarinsa yana daskarewa a ciki, ba ya ƙara ɗaukar wuta har abada. Zafi yana ƙara masa sauri. Barinsa kullum a cike a jikin wuta ma haka, barinsa ya mutu murus ma haka. Ita randa ana wanke ta. Wannan lakar kuwa ba mai fito da ita. In na aika yau a kawo sabo, zai iso kafin Alhamis."

Inna ta buɗe baki za ta ce a aika, sai ta ji tari a bayanta, irin tarin nan da ta sani.

"Yarinya," in ji Baba Totur, "ina tayar da mataccen batir tun kafin a yaye uwarki."

"Na mota ke nan, Baba."

"Batir batir ne! Na mota da na kwamfuta uwa ɗaya uba ɗaya, wannan ƙanin ne kawai. Tsufa, tsufa, ku ba ku da magana sai tsufa. Haka wani yaro mai kwat da ɗaurin wuya ya ce mini a kamfani. Dube ni da kyau, na yi miki kama da abin da ya ƙare?"

"Kai ban duba cikinka ba, Baba. Wannan na duba."

"Ba za a aika ko'ina ba. A gidana, ina raye, a sayo batir? Ranar Alhamis zai kai yarinyar nan tun daga hantsi har magariba, in bai kai ba ku canza mini suna."

Ya sungumi kwamfutar ya sa a hammata ya fice. Auta ta dubi uwarta, idonta ya kawo ruwa. Inna ta dafa ta, ta ce, "Bari ya ɗan yi wasa da ita ya gaji." Wannan ne kuskuren Inna, don a tsawon zamansu ba ta taɓa ganin ya gaji ba.

Magani na farko ɗumi ne. Ya ce duk direban kirki ya san batir in ya ji sanyi ba ya tashi. Ya jona kwamfutar a wuta, ya naɗe ta da bargon da suke rufa, ta kwana a haka. Da gari ya waye rana ta ɗaga, ya hau kujera ya ɗora ta a kan kwanon rumfar mai aski, ya zauna a inuwa yana gadinta. Da azahar Inna ta sa ya sauko da ita, ta taɓa, ta janye hannu da sauri.

"Baban Auta, wannan ai sai a soya ƙwai a kanta."

"Jini ne ya fara gudu. Ke me kika sani?"

"Na san an ce zafi ke kashe shi."

"Wadda ta faɗa sayarwa take yi. In kin je wurin mai takalmi, cewa zai yi tafiya ba takalmi na kawo ciwon kai."

Magani na biyu doguwar tafiya ce. Ya ce batirin mota a hanya yake cika, zaman gida ne ya nakasa wannan, tunda aka saye shi bai taɓa zuwa ko bakin titi ba. Ya sa Auta ta kunna masa fim kafin ta fita, ya ƙure sauti, ya tallabo kwamfutar a buɗe kamar mai tallar ƙwai, ya kama zirga-zirga daga wannan ƙarshen layi zuwa wancan. In ya zo gangara har ɗan gudu yake haɗawa.

Mai aski ya fito bakin shago da almakashi a hannu. "Baba, lodin ina aka yi?"

"Aske kanka, ɗan nema."

"A'a, in akwai wuri a baya ne in shiga."

Bai kai kwanar layi ba allon ya yi baƙi. Da yamma wuta ta dawo, ya cika ta, washegari ya sake fita. Wannan karon ko shagon Tabarau bai wuce ba ta mutu. Ya tsaya tsakiyar hanya yana girgiza ta yana ce mata, "Tashi mana, raguwa!" Matan da ke shanya a sama suka riƙe ciki. Ya ɗaga kai ya ce musu hanya take koyo, duk sabon shiga haka yake yi.

A ranar Inna ta saci jiki ta koma wurin Tabarau, ta ce a aika a kawo sabon, mijinta ba sai ya ji ba. Tabarau ta cire tabaranta ta goge. "Inna, kin makara. Motar kayan ta riga ta taso. In na aika yanzu, sai bayan Alhamis." Inna ta hau bene a hankali.

Auta ta dawo daga kemis ta tarar da kwamfutarta a kan tebur tana lilo kamar kwalekwale. Gindinta ya yi tulu, wurin da ake goga yatsa ya taso, murfin ya ƙi rufuwa. Ta ƙwala wa uwarta kira. Baba Totur ne ya fara isowa, ya duba, fuskarsa ta washe.

"Alhamdu lillahi! Kun gani? Ya yi ƙiba! Ɗan batirin da ya zo mini a rame kamar takarda, ku dubi cikinsa yanzu. Ina mai cewa ya tsufa? Tsoho yana yin tumbi haka?"

"Kai ma ai ka yi," in ji Inna.

Ta sake sauka da gudu. Tabarau tana jin bayani ta miƙe tsaye. Ta ce iska ce ta taru a ciki saboda wahalar da aka ba shi, kuma batirin da ya kumbura ba abin wasa ba ne. A fitar da shi daga ɗakin kwana, kada a matsa shi, kada a huda shi, a kawo mata ta san inda za ta kai shi. Inna ta hau ta isar da saƙo kalma bayan kalma. A cikin duk maganar, "a fitar da shi" kaɗai ya shiga kunnen Baba Totur. Ya zaro sukudireba daga aljihu ya kwance gindin kwamfutar, ya ɓanɓaro batirin, wani baƙin abu mai faɗi da ya kumbura kamar matashin kai, ya ɗaga shi sama yana jinjinawa.

Inna ba ta tsaya kallo ba. Ta wawuri kwamfutar da wayar cajinta da 'yan ƙusoshin da ya kwance, ta jefa a akwatinta, ta kulle, ta zauna a kai.

"Tashi ki ba ni."

"Gangar jikin ta 'yata ce. Kai ka ji da kayan cikin. Kuma a baranda zai kwana, ko ku kwana tare a can."

Ranar Laraba ya tare wani mai tasi na layin, wanda a da yaron motarsa ne, shi ya koya masa tuƙi, don haka ba ya iya ce masa a'a. Mutumin ya fito zai tafi nema ke nan, ya ga maigidansa tsaye a gaban mota da wayoyin nan masu baki kamar kada, waɗanda ake ɗebo wuta da su daga mota zuwa mota.

"Buɗe bonet."

"Maigida, fasinja na jirana."

"Da nake koya maka ribas, fasinja nawa suka jira ni? Buɗe."

Ya buɗe. Baba Totur ya maƙala wayoyin a batirin tasi, ya juyo kan na kwamfutar, ya tarar bakin da zai kama bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ya matso da baki ɗaya, ya matso da ɗayan, yana lalube, yana cewa a taka totur. Bakunan biyu suka haɗu da juna. Aka ji tas! Tartsatsi ya tashi, wayar ta yi hayaƙi, kajin da ke kiwo a gefe suka watse. Mai tasi ya fito ya leƙa, ya tarar kan batirinsa ya narke kamar kitse. Ya murɗa makulli, motar ko tari ba ta yi ba.

"Maigida, ka kashe ni."

"Kai dai ba ka da godiya. Ka ga yadda ɗan ƙaramin nan ya tsotse wutar motarka kaf? Marar lafiya yana cin abinci haka?"

Samarin layi suka tura tasin zuwa gefe, Baba Totur yana inuwa yana ba da umarni, a karya dama, a'a a saki, ku wa ya koya muku turi. Inna tana baranda tana kallo, ta rasa ko ta yi kuka ko ta jefo masa tukunya.

Da yamma ya shigo yana murmushi, da wata kwalba a hannu. "Na gano ciwon. Ƙishirwa ce. Tunda aka sayi batirin nan, wa ya taɓa zuba masa ruwa? Ba kowa! Na mota kana buɗe murfi ka zuba masa ruwan batir ya farfaɗo. Wannan 'yan kamfani sun ɓoye murfin don ku yi ta sayen sabo. Gobe zan yi masa murfi."

Auta ta durƙusa a gabansa. "Baba, don Allah ka bar shi. Gobe ne fa. Ko wurin mai aski sai in roƙa in jona a janaretansa."

"A shagon aski? 'Yata, a gaban manyan likitoci, inji na ruri gashi na tashi? A ɗakin ubanki za ki zauna kamar 'yar mutunci. Ki kwanta ki yi barci."

Ba ta yi ba. Inna ma ba ta yi ba.

Safiyar Alhamis aka ɗauke wuta kamar kullum. Inna ta leƙa ƙasa ta ga abin da ya sa ta riƙe ƙarfen baranda. Ya fito da teburin cin abincinta tsakiyar layi, ya jingina kwali an rubuta ASIBITIN BATIR da gawayi. Ashe tun jiya ya bi shago shago yana shela, duk mai mataccen batir ya kawo, yau kyauta ne. Mutane kuwa, da son banza da son kallo, sun cika wurin. Teburin ya cika da tsofaffin wayoyi da tocila da rediyo, har da wata tsohuwa da ta kawo agogon bango. A tsakiya ga batirin Auta, ga ƙusa, ga guduma, ga kwalbar ruwa.

Inna ta sauko ba ko ɗankwalin kirki, Auta na biye da ita cikin farar rigar da ta goge don intabiyu. Tabarau ta zo buɗe shago, ta hango ƙusar, ta saki makullanta a ƙasa.

"Baba! Kada ka huda abin nan! Jama'a ku ja da baya, wuta ce a ciki!"

"Kun ji ko?" Ya juya ga taron yana nuna ta da guduma. "Hassada. Ta ga kasuwarta za ta mutu. Daga yau ba mai sake sayen batir a layin nan."

"Baban Auta," in ji Inna, "in ka buga ƙusar nan, ni da kai ne."

"Ke da ni ne tun da can. Matsa."

Ya saita ƙusa a tsakiyar kumburin. Ya ɗaga guduma, ya jira kowa ya yi shiru, ya buga. Aka ji wani huci, siii, wani wari ya tashi kamar na man goge farce.

"Kun ji? Numfashi yake yi! Shekaru yana toshe, bawan Allah." Ya zare ƙusar, ya ɗauki kwalba, ya sunkuya har gemunsa na taɓa tebur don ya ga ramin da kyau. "Yanzu sai a ba shi ya sha."

Bai kai ga ba shi ba. Farin hayaƙi ya fara fitowa, sai kuma harshen wuta ya yi tsalle daga ramin da ƙara kamar ta murhun mai walda. Baba Totur ya yi baya ya zauna daɓas a ƙasa, gefen gemunsa na ci, hannunsa na dama a sama yana kaɗawa. Taro ya fashe. Kowa ya kai hannu tebur ya wawuri abin da ya samu, mai waya ya gudu da tocila, mai tocila ya gudu da rediyo, tsohuwa ta rungume agogonta tana salati tana gudun da jikokinta ba su san tana da shi ba. Mai aski ya shige shago ya rufe ƙofa, ya sake buɗewa don kada kallo ya wuce shi. Inna ta cire mayafinta ta danne gemun mijinta da shi, tana kashe wutar tana ɗan ƙara masa da abin da ya fi kashe wuta ƙarfi. Tabarau ta kwaso yashi a bokiti daga gaban wani gini ta juye a kan teburin. Batirin ya yi ta huci a ƙarƙashin yashi kamar maciji, teburin Inna ya samu rami a tsakiya.

Gemun ya tafi rabi, daga haɓa zuwa kunnen dama. Bayan hannunsa ya yi ja, ya fara tasowa.

"Man birki!" ya yi ihu. "A kawo man birki! Shi muke sawa a hanya!"

Mai tasi ya ruga ya ɗauko. Wata ta ce man goge baki ya fi, wani ya ce gishiri, wata ta ce a fasa ɗanyen ƙwai. Suka yi masa rumfa kowa da maganinsa. Sai aka ji wata murya da ba a taɓa ji ba a layin.

"Kowa ya matsa!"

Auta ce, yarinyar da ko gaisuwa sai ka kasa kunne kake jin ta. Ta ture kwalbar man birki, ta kama ubanta a wuyan hannu ta ja shi zuwa famfo, ta sakar masa ruwa.

"Ke, ni za ki koya wa ƙuna? Na ƙone a lagireton mota ya fi..."

"Baba, yau ni ke tuƙi. Kai fasinja ne. Tsaya."

Ya tsaya. Ta zare masa zobe tun kafin yatsan ya kumbura, ta duba haɓarsa, ta ce fatar ba ta ci sosai ba amma kada reza ta kusance ta. Tana cikin haka Inna ta dubi inuwar bene ta ga hantsi ya yi. Ta haura da gudu, ta buɗe akwati, ta sauko da kwamfutar a ƙirji kamar jaririya. Tabarau ta mayar da gindin ta ɗaure, ta ce ko ba batir kwamfutar za ta yi aiki muddin tana jone. Mai aski bai jira a roƙe shi ba, ya ja igiyar janaretansa, ya share gashin da ke kan teburinsa da hannun riga.

Auta ta zauna, farar rigarta duk toka da ruwa. Ta ce ba za ta bar majinyacinta a waje ba, ta san da ta juya baya zai shafa man. Aka zaunar da shi a kusurwa, hannunsa cikin bokitin ruwa, Inna na tsaye a kansa. Suka zaɓi kusurwar da kyamara ba ta kaiwa. Abin da ba wanda ya tuna shi ne shagon aski madubi ne gaba da baya.

Allo ya buɗe. Ga likitoci biyu, ga wata shugabar ma'aikatan jinya mai fuska kamar ba a taɓa ba ta labarin dariya ba. Auta ta gaishe su, janareta na ruri. Aka yi tambaya ta farko, ta amsa. Aka yi ta biyu. Sai shugabar ta matso da fuskarta.

"Dakata. Wane ne wancan a madubin bayanki, mai rabin gemu? Kuma su wane ne a taga?"

A taga rabin layin ne, kai bisa kai. Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage. Kafin ta haɗa kalma, Baba Totur ya miƙe, ruwa na ɗiga.

"Ranki ya daɗe, ni ne mahaifinta. Wani ɗan gwaji muka yi na kimiyya, wanda da ba don ƙusar ta yi kauri ba..."

"Baba, mayar da hannun cikin ruwa," in ji Auta, ko juyawa ba ta yi ba.

Ya koma ya zauna ya mayar.

"Ƙuna ce?" in ji shugabar. "Yaushe? Me kika yi masa?"

Auta ta faɗa, tun daga famfo har zuwa zobe, da dalilin da ya sa ba a shafa wa ƙuna mai ko man goge baki, da alamun da in ta gani za ta kai shi asibiti ba tare da jira ba. Tana cikin bayani ta hango a allo hannun hagunsa na lallaɓawa zuwa aljihu, inda ya ɓoye kwalbar man birkin.

"Inna, karɓe kwalbar nan."

Inna ta karɓe, ta haɗa masa da rankwashi. Ɗaya daga cikin likitocin ya sunkuyar da kai yana danne dariya.

Aka zo jarrabawar bugawa. Ta yi nisa ke nan janareta ya fara tari, fitilar shagon ta lumshe. Ba batir a cikin kwamfutar, in injin ya tsaya komai ya tafi. Mai aski ya girgiza tankin ya ji wayam. Inna ta dubi mai tasi ta taga, kallo ɗaya. Ya ruga wurin motarsa da ta mutu, ya zura tiyo ya zuƙo fetur da baki, ya dawo yana tofar da yawu, suka ɗura. Injin ya yi kamar zai tafi, ya dawo. Auta ba ta ɗaga kai ba har ta buga amsar ƙarshe.

Shugabar ta duba amsoshin. Ta yi magana da likitocin ƙasa ƙasa. Sannan ta ce, "Wannan majinyacin naki, kullum haka yake?"

"Yau da sauƙi, ranki ya daɗe."

"Muna da ɗaki guda cike da irinsa, duk wadda muka tura kuka take fitowa da shi. Yaushe za ki iya farawa?"

Ihun da aka yi a taga ya fi na lokacin gobarar. Inna ta zauna a kujerar aski, ta rufe fuska da ƙonannen mayafinta. Auta ta rufe kwamfutar ta zo ta faɗa jikinta.

Kafin su gama share hawaye suka jiyo muryarsa a waje. Ya fita da bokitinsa, ya samu dakali, mutanen da ke musayar wayoyi da tocilan da suka wawura sun kewaye shi.

"Ku kuna ganin haɗari ne. Lissafi ne. Na san irin waɗannan manyan, ba sa ɗaukar mutum sai sun ga aiki da idonsu. To ina za ta samu majinyaci da hantsin nan? Sai na ce bari in sadaukar. Da ban huda batirin nan ba, da yanzu tana sama tana amsa tambaya kamar kowa."

"To motata fa, Maigida?" in ji mai tasi.

"Da tana da lafiya ai da kana can kana yawo. Wa zai kawo fetur?"

Inna ta fito da tsumma mai tsabta da Auta ta ba ta. Ta zauna kusa da shi a dakalin, ta ciro hannun daga ruwa a hankali, ta fara naɗe masa yadda aka nuna mata. Ya dube ta yana jiran shaida.

"Faɗa musu, Inna. Wa ya samo wa yarinyar nan aiki?"

"Kai ne, Baban Auta," ta ce, tana ɗaure bakin tsumman. "Sa'armu ɗaya ita ce auta. Gemun da ya rage ba zai ishi wani intabiyun ba."